Hannuwan ZaSu Pitts

Jama'a, da can silima ba ta magana. Har zuwa 1927, in mutum ya shiga gidan silima sai ya ga mutane bisa farin bango suna motsi, bakinsu yana buɗewa, amma babu murya. Jefi-jefi a rubuta ƴan kalmomi a nuna. Wani makaɗi yana zaune gefe yana kiɗa. Sauran labarin duka ƴan wasa ne ke faɗinsa da ido, da fuska, da hannu, kamar yadda bebe yake ba da labari a kasuwa, kowa kuma ya gane.

Kowane fim yana da kyakkyawan saurayi da kyakkyawar budurwa, waɗanda ake manna hotonsu a ƙofa. Bayansu akwai wasu ƴan wasa da ba don kyau ake kiransu ba. Su ke fitowa baranya, ko gwaggo, ko maƙwabciya mai tsegumi, ko yarinyar da ta rasa mashinshini. Yau zancen ɗaya daga cikin waɗannan za mu yi, wata ƴar Amurka mai suna ZaSu Pitts.

An haife ta cikin jihar Kansas a 1894, ta girma a garin Santa Kuruz na Kalifoniya. Sunanta ma haɗi ne. An ɗauki ƙarshen sunan Eliza da farkon sunan Susan, dangin babanta, aka haɗa ya zama ZaSu. Siririya ce, mai manyan idanu irin na wadda ta kwana ba ta runtsa ba. Hannuwanta dogaye ne, kullum suna rawa kamar ta rasa inda za ta ajiye su. A 1917 wata marubuciyar silima, Frances Marion, ta lura da ita. Aka sa ta a fim ɗin The Little Princess, ta fito marainiya mai wanke-wanke a gidan makarantar ƴan mata. Daga nan masu silima suka yanke mata hukunci: wannan ta ban dariya ce.

Mutum ɗaya ya ga wani abu dabam. Shi ne Erich von Stroheim, mai shirya fim, haifaffen birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, mutum mai taurin kai. A 1923 ya ba ta babban matsayi cikin fim ɗinsa mai suna Greed, wato Haɗama, wanda ya ɗauko daga littafin wani marubuci, Frank Norris, na 1899.

Ga labarin a taƙaice. A birnin San Faransisko akwai wani ƙato mai suna Maktig, yana cire wa mutane haƙori amma ba shi da takardar likita. Abokinsa Markus ya kawo masa wata ƴar'uwarsa da yake nema da aure, sunanta Tirina, don a gyara mata haƙori. Maktig ya kamu da sonta, Markus ya bar masa. Ana nan sai tikitin tambola da Tirina ta saya ya ci dala 5000. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A wancan zamani dukiya ce babba. Markus ya ciji yatsa, ya kai ƙarar Maktig wurin hukuma, aka hana shi sana'a. Talauci ya shigo gidan. Ita kuwa Tirina ta ƙi taɓa ko kwabo daga cikin kuɗinta.

ZaSu ce ta fito Tirina. Abin da ya sa nake cewa ba a cika samun wasa irin wannan ba shi ne, ba ta fara da mugunta ba. Da farko yarinya ce mai kunya da tsoro. Ranar ɗaurin aure ana cikin addu'a, ta taga ana hango masu gawa suna wucewa a titi. Da dare iyayenta suka yi sallama za su tafi, ta bi uwar da gudu ta riƙe ta. Ta koma ɗaki tana makyarkyata gaban wannan ƙaton miji. Duk macen da aka taɓa kaiwa ɗaki tana yarinya za ta gane wannan fuska ba sai an fassara mata ba.

To, daga wannan tsoro rowar ta tsiro. ZaSu ta nuna mana mace da ba ta da iko bisa komai nata, sai kuɗin nan. Su kaɗai ne babu wanda ya ba ta, babu kuma wanda zai ce nasa ne. Ku dubi hannuwanta. Hannuwan nan da suke rawa, suna taɓa kuɗi sai su natsu. Tana goge su ɗaya bayan ɗaya har su yi ƙyalli, tana shafa su kamar uwa da jariri. In miji ya tambaye ta kuɗi, sai ta ɗora yatsa bisa leɓe, ta ƙanƙance ido, ta dubi gefe. Ba a rubuta komai bisa bango ba, amma duk mai kallo ya san ƙarya take shiryawa.

Akwai wurare biyu da ba na mantawa. Na farko wajen mahauci ne. Ta zaɓi naman da ya kwana har ya fara wari don ya fi araha, ta ɓoye canjin. Na biyu, Maktig zai fita neman aiki, hadari ya haɗu, ya roƙe ta kuɗin mota, ta hana. Ya tafi a ƙasa, ruwa ya yi masa duka. A nan mai kallo yana jin haushinta, kuma yana jin tausayinta, don ita ma ta rame, tufafinta sun zama tsumma, gashinta ya hargitse. Marowaciyar da ake yi wa dariya a wasan kwaikwayo tana hana wasu ne ta ci ita kaɗai. Tirina har kanta take hanawa.

Daga nan abin ya ƙazanta. Maktig ya shiga shan giya, yana cizon yatsunta don ta ba shi kuɗi, har yatsun suka rube aka yanke su. Ya sace ɗan abin da ta tara ya gudu. Ta koma sharar wata makarantar yara, tana kwana a can. Ta karɓo dala 5000 ɗin nan duka, zinariya, ta baza su bisa gado ta kwanta a kansu. Maktig ya komo da yunwa, ta ƙi buɗe masa. Daga baya ya shigo ya kashe ta, ya kwashi zinariyar ya nufi hamadar da ake kira Kwarin Mutuwa. Markus ya bi shi. Suka yi faɗa, Maktig ya kashe shi, amma kafin ransa ya fita ya ɗaure hannunsu tare da ankwa. Ga zinariya, ga gawa, babu ruwa.

Ba komai na fim ɗin nake yabo ba. Stroheim mutum ne mai son maimaita magana. Sau da yawa ana nuna wasu ramammun hannuwa suna wasa da zinariya cikin duhu, wai don mu gane haɗama ake nufi. Ai mun riga mun gane. Yatsa ɗaya na ZaSu bisa leɓe ya faɗi abin da ya fi wannan. Ita ma a wasu wurare takan zaro ido fiye da kima, irin na ƴan wasan zamanin. Amma wannan kaɗan ne.

Abin takaici, rabin aikinta ma bai iso gare mu ba. Zaren fim ana naɗe shi ne kamar gammo. Greed da Stroheim ya gama ya kai naɗi 42, kallon sama da awa 8. Mutane ƙalilan ne suka gan shi haka a farkon 1924. Kamfanin MGM ya ce babu mai zama wannan tsawon lokaci, kuma a nan suna da gaskiyarsu. Sai dai yankan da suka yi na mahauci ne. Aka mai da shi naɗi 10, kallon wajen awa 2, aka fito da shi cikin Disamba 1924. Sauran ya salwanta har yau. Shi ya sa a wasu wurare za ku ga Tirina ta sake hali farat ɗaya. Ba laifin ZaSu ba ne, matakan da ke tsakani ne aka cire. Fim ɗin bai yi kasuwa ba a lokacin. A 1999 aka haɗa abin da ya rage da hotuna marasa motsi na wuraren da aka yanke, ya kai wajen awa 4.

Stroheim ya sake kiranta a fim ɗin The Wedding March na 1928. Ta fito Sisiliya, ɗiyar wani attajiri, mai ɗingishi, wadda wani ɗan sarauta matsiyaci ya aura don kuɗin ubanta. Wasanta a nan gajere ne, kuma babu zaro ido ko kaɗan. Suna fitowa daga coci cikin ruwan sama, ta hangi wata yarinya tana kuka, ta tambayi ango wace ce. Ya ce bai taɓa ganinta ba. Alhali ita ce wadda yake so.

Sai silima ta fara magana. Muryar ZaSu siririya ce mai rawa, kamar ta mai shirin kuka. Da aka haɗa muryar da hannuwan, mutane suka ga abin dariya ya cika. A 1930 aka shirya wani babban fim na yaƙin duniya na farko, All Quiet on the Western Front. ZaSu ta fito uwar wani yaron soja na Jamus, tana kwance ba lafiya, ɗanta ya zo hutu daga bakin daga. Da aka gwada fim ɗin gaban ƴan kallo, suna ganin fuskarta sai suka fashe da dariya, don sun saba ganinta cikin wasan barkwanci. Kamfani ya cire ta, aka sake ɗaukar wuraren da wata ƴar wasa, Beryl Mercer.

A ganina wannan dariya ita ta rufe ƙofar. Masu kuɗin silima ba sa gardama da ƴan kallo. Daga nan kusan duk abin da aka ba ta iri ɗaya ne: baranya mai ruɗewa, ko tsohuwar budurwa mai murza hannu tana ƙorafi. Daga 1931 zuwa 1933 ta yi gajerun finafinan ban dariya tare da Thelma Todd. Kada wani ya ce ba ta iya ba. Ta iya ƙwarai, ta san lokacin da za ta yi shiru da lokacin da za ta saki magana, kuma aiki bai yanke mata ba, a silima, da rediyo, da talabijin. Sai dai wanda ya ga Tirina bisa gadon zinariya, in ya ga waɗannan, zai ji kamar an sa maƙerin takobi gyaran cokali.

Fim ɗinta na ƙarshe na barkwanci ne shi ma. Ta fito mai haɗa waya a ofishin ƴan sanda, na ɗan lokaci kaɗan. Ciwon daji ya kashe ta ran 7 ga Yuni 1963, tana da shekara 69, wata biyar kafin a fara nuna fim ɗin.