Kwafin kwafi: sharhi a kan faifan DVD na Star Wars na 2006

Mai nazarin tsofaffin rubuce-rubucen ajami, in aka miƙa masa takarda, abin da yake fara tambaya shi ne: daga wane kundi aka kwafo ta, kuma hannu nawa ta bi kafin ta iso gare shi? Wannan tambayar ce za mu yi wa faya-fayan DVD da kamfanin Lucasfilm ya fitar cikin Satumba 2006, waɗanda aka ce suna ɗauke da fina-finan Star Wars uku na farko (1977, 1980, 1983) yadda aka nuna su a gidajen sinima.

Dalilin fitowarsu sananne ne. A 1997 George Lucas ya sake taɓa fina-finan nan, ya ƙara hotunan kwamfuta, har ya canza ma'anar wasu wurare: inda dā Han Solo ne ya harbe Greedo ba tare da an harbe shi ba, sai aka mai da Greedo mai fara harbi. DVD na 2004 gyararren matani kaɗai ya ƙunsa. Mai son tsohon sai ya koma ga kaset ko ga LaserDisc, wato faifan nan mai faɗin santimita 30 da aka fara sayarwa a Amurka a 1978, wanda hotonsa ba na dijital ba ne, kuma gefe ɗaya ba ya wuce awa guda. Mutane da yawa sun riƙa juye shi zuwa DVD a gida, domin wasu faya-fayan suna ruɓewa daga ciki, kuma injinan kunna su suna ƙarewa (Pioneer ya daina ƙera su a 2009).

To, me kamfanin ya yi da ya tashi amsa kukansu? Bai koma ga zaren fim na asali ba. Kaset ɗin bidiyo da aka shirya domin buga LaserDisc na 1993 ya ɗauko, ya zuba a DVD. Ke nan abin da masu sha'awa suke yi a ɗakunansu shi ya yi, sai dai ya tsallake mataki ɗaya.

Aibin hoton ana iya auna shi. An tsara tsohon kaset ɗin domin talabijin mai siffar 4:3, da baƙin fili sama da ƙasa. Cikin layuka 480 na tsarin Amurka, kamar 270 ne kawai suke ɗauke da hoto, alhali da an yi aikin yadda DVD yake ba da dama, da an sami kamar 360. Ga kuma injin share ƙurar hoto na 1993, wanda ya bar inuwa tana bin duk abin da ya motsa da sauri. Sautin ma ya koma baya: LaserDisc yana ɗauke da shi ba a matse ba, a nan kuwa an matse shi.

Amma abin da ya fi damunmu shi ne kalmar "asali" da aka liƙa wa wannan aiki. Rubutun da ke hawa sama a farkon fim na 1977 ba shi da lambar kashi na huɗu ko sabon take. A 1981 aka ƙara su, kuma haka suke a faifan 1993. Sai masu shirya DVD suka yanke wannan wuri suka dasa rubutun 1977. Kan na 1977, jikin na 1993. Sautin kuwa haɗin da aka yi ne musamman domin faifan 1993, daga tsofaffin haɗe-haɗe tare da ƴan ƙare-ƙare. Tun a 1977 ma sautin ba ɗaya ba ne: akwai na zaren milimita 70, da na milimita 35 mai hanya biyu, da mai hanya ɗaya, kuma a na ƙarshen muryar gwaggon Luke ta sha bamban. Saboda haka babu wani ɗan kallo na 1977 da ya ga kuma ya ji abin da ke cikin wannan faifai. Almajirin da ya haɗa kundi daga tushe biyu, ya rubuta a ƙarshe cewa da hannun malam ne, ai mun san sunan da ake ba aikinsa.

Ba haɗawar ce laifi ba. Duk mai tace matani yana yin ta. Sharaɗinta shi ne a gaya wa mai karatu inda aka yi ɗinki. Ɗan littafi mai shafi biyu ya isa, kuma ba a yi shi ba. An ajiye fina-finan a faifai na biyu a matsayin gyara, irin wadda mai awo ke ƙara wa mai saye, aka kuma ce sayarwar ta ɗan lokaci ce.

Duk da haka, aikin yana da amfani guda. Ya ba masu nazari tsayayyen kwafi mai shekara da suna, wanda kowa zai iya komawa gare shi ya kwatanta, saɓanin juye-juyen gida da kowanne ya dogara ga lafiyar inji da ta faifan mai shi. Masu sha'awar da suka yi ƙoƙarin sake gina matanin 1977 sun yi amfani da shi wajen gano inda aka canza, kafin wasu daga cikinsu su samo tsofaffin zarurrukan milimita 35 na gidajen sinima, su ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya, su fitar da aikin da suka kira 4K77 a 2018.