Teyatur na zamanin samariya: abin da ake bege da abin da ake mantawa

Duk inda dattawan Damagaram ko na Maraɗi suka zauna hira, da wuya a tashi ba a ambaci teyatur na dā ba. Sukan tuna daren da unguwa take yin tsit saboda Muryar Sahel ta sako wasan kwaikwayo, da yadda ake shimfiɗa tabarmi a gaban tele guda ɗaya ta gidan samariya, yara a gaba, mata a gefe, maza a baya a tsaye. Daga nan sai hukunci ya biyo: wai wasan yanzu raye-raye ne kawai, na dā kuwa tarbiyya ne. Wannan hukunci yana da gaskiya a cikinsa, amma bai cika ba.

Gaskiyarsa tana ga gwaninta. Ƴan wasan wancan zamani, irin su Yazi Dogo da abokan aikinsa, yawancinsu malaman lakwal ne da ƙananan ma'aikata, kuma ba su dogara ga rubutaccen wasa ba. Sukan zauna su tsara ƙashin labari tare, su raba matsayi, sa'an nan kowa ya zo da maganar bakinsa. Janet Beik, wadda ta yi nazarin waɗannan ƙungiyoyi ta fitar da littafi a kansu a 1987, ta ɗauki teyatur ɗin Nijar a matsayin adabin baka, kuma ta yi daidai. Shi ya sa Hausar wasannin take da ɗanɗanon kasuwa da na zaure: alhajin birni mai kurin dukiya, baƙauyen da ya shigo ofis ya rasa ƙofar fita, komi mai cusa Faransanci a kowace jimla don a san ya yi boko. Mai kallo yakan gane maƙwabcinsa a cikinsu, wani lokaci ma ya gane kansa. Habaici da karin magana suna zuwa a kan gaɓa, domin mai faɗinsu da su ya tashi. Wanda ya saurari yadda ake jan rigimar gado ko ta kuɗin aure a waɗannan wasanni zai ji cewa an san shari'ar gidan sarki da ta alƙali ciki da waje.

Sai dai abin da masu bege suke tsallakewa shi ne wanda ya shimfiɗa tabarmar. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da samariya ta mai da ita hannunta a kowace unguwa da ƙauye. Gasar matasa ta ƙasa, inda jihohi suke karawa a waƙa da rawa da teyatur, aikin hukuma ce. Rediyo da tele na hukuma ne, babu wasu. Saboda haka jigogin da suka yi ta maimaituwa, wato illar barin ƙauye zuwa birni, tsadar aure, sa yara lakwal, dashen itatuwa, haɗin kan ƙasa, sun dace da abin da mahukunta suke son a ji. Wannan bai sa su zama ƙarya ba, don ƙasar da ta sha fari a 1973 da 1984 tana da dalilin yin maganar itatuwa da rumbu. Amma dariyar tana da iyaka. Ana iya yi wa ɗan komi mai cin hanci tsiya har a ƙoshi, kuma a ƙarshen wasa wani babba mai adalci yakan fito ya gyara al'amari. Shi babban ba a taɓa shi. Gwanintar ƴan wasa ta fi bayyana a inda suka bi ta gefen wannan iyaka, da ɗaga gira ko da shirun da ya fi magana, jama'a kuma suka fahimta.

Bayan rasuwar Kunce a 1987 da Taron Ƙasa na 1991, samariya ta watse, gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe, kaset-kaset na finafinan Kano suka cika kasuwannin Maraɗi da Ƙwanni. Baki ya sami ƴanci a daidai lokacin da dandamali ya rasa mai ɗaukar nauyinsa. Ɗora wa finafinan Kano laifin mutuwar teyatur, kamar yadda aka saba yi, sauƙaƙa zance ne. Sun tarar da gidan ya riga ya fara zuba.

Akwai kuma wata matsala da begen baki ba ya magancewa. Wasan da ba a rubuta ba, wurin zamansa biyu ne: faifan da aka naɗa, da ƙwaƙwalwar wanda ya yi shi. Faifai ba ya jure zafi da ƙura, ƴan wasan kuwa da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Matashin da aka ce masa na dā ya fi na yanzu yana da haƙƙin ya ce a nuna masa. In dai ba a juya abin da ya rage a ma'ajiyar gidan rediyo da tele ta ƙasa zuwa na'urorin zamani ba, aka kuma zauna da sauran tsofaffin ƴan wasa aka rubuta yadda suke gina labari, to ɗalibin adabi na jami'ar Yamai ko ta Damagaram zai rasa abin da zai auna, sai dai ya karɓi maganar kakansa yadda ta zo.