Kare Na Haushi, Maharbi Na Saɗaɗawa

Da zarar watan Satumba ya zo ƙarshe a ƙasar Norwe, ƙauyuka da yawa sukan yi tsit. Maza da mata sun ɗauki hutu, sun shiga daji neman elg, wani ƙaton naman dawa mai faffaɗan ƙaho da ya kai doki tsayi, har ya fi. A gundumomi da dama ranar 25 ga wata ake buɗe farautarsa, kuma kowace shekara ana kayar da fiye da 20,000. Ba yunwa ke kai su ba, ƙasa ce mai arzikin man fetur. So suke naman da iyali za su ci duk tsawon hunturu ya zama da hannunsu suka samo shi. Abin ya daɗe: a duwatsun Alta, can arewa, akwai zanen elg da mafarauta na shekaru dubbai.

Aikin mai kare ne ya fi ƙayatar da ni. Yakan saki karensa ya bi ƙanshi har ya tarar da naman. Karen ba ya cizo. Zagaya shi yake yi yana haushi ba ƙaƙƙautawa, har elg ya tsaya ya mai da hankalinsa kansa. Maharbi, wato mai karen, yana can nesa yana saurare. In haushin na tafiya, nama bai tsaya ba. In ya zauna wuri guda, to lokaci ya yi.

Sai ya duba iska, domin idon elg bai da kaifi, amma kunnensa da hancinsa ba dama. Dole iskar ta riƙa bugun fuskar maharbi. Yana taka ƙasa ne kawai lokacin da kare ke haushi, saboda ƙarar ta rufe motsinsa. Kare na yin shiru, shi ma ya daskare, ko da ƙafarsa na cikin fadama. Ƙiraren da ya karye ɗaya ya isa ya ɓata wahalar yini. Kuma bayan duk wannan, yana iya isowa ya ƙi harbi: wataƙila uwa ce da ɗanta, ko ba irin da aka ware wa ƙungiyarsu ta farauta ba ne, ko reshe ya tare ƙirjin, ko karen ya shiga tsakani. Wannan haƙurin, a ganina, shi ne gwanintar.

Hukuma ma ba ta sakaci. Tun 1986 sabon mafarauci sai ya ci jarrabawa, bayan darasi na awa 30. Mai son harbin babban nama kuwa kowace shekara zai yi harbin gwaji 30, sannan ya sa harsashi 5 cikin da'ira mai faɗin santimita 30 daga nisan mita 100. Dole kuma ƙungiya ta tanadi karen da zai bi sawun jini in an raunata dabba, don kada ta mutu a wahale.

Nama na faɗuwa ake fitar da kayan ciki, a ja shi zuwa rumfa, a feɗe, a rataye. Suna da lissafinsu: in sanyin wurin digiri 4 ne, kwana 10 zai yi kafin ya yi laushi. Daga nan a yanka a raba wa 'yan ƙungiya, wanda ya harba da wanda ya yini a tsaye bai ga komai ba, kowa da kasonsa.