Maciji da Shan Wuya, Gardi da Karɓar Kuɗi: Sharhi a Kan Wani Wasa da Aka Yi a Zawaciki

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kusan dukkanmu mun iya kawo wannan karin magana a jarrabawa, mu ce yana nufin wani ya sha wahala wani ya ci riba, malam ya ba mu maki mu wuce. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka dubi shi gardin da idon nazari, alhali kuwa malamanmu sun daɗe da sanya wasan gardawa cikin wasannin kwaikwayo na gargajiya, tare da na 'yan kama da 'yan hoto da 'yan gambara. To, in dai wasa ne, ya cancanci a feɗe shi kamar yadda ake feɗe waƙa, a dubi zubinsa da jigonsa da salonsa. Nufina a wannan ɗan sharhi shi ne in yi haka ga wani wasa da na kalla da idona, wanda aka yi shi da sunan ceto, watau ceton mutane daga maciji da ceton maciji daga mutane.

Dandali da 'Yan Wasa

Dandalin wasan shi ne Zawaciki, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, dab da rukunin masana'antu na Calawa. Wanda ya san wurin a da ya san gonaki ne da fadamu. Yanzu gidajen bulo sun ci gonakin, ga ɗakunan ajiyar kaya, ga kuma tashar jiragen ruwa ta kan tudu ta Dala wadda aka buɗe a farkon 2023. Duk inda aka tara hatsi ɓera zai zo, duk inda ruwa ya kwanta kwaɗo zai zo, maciji kuwa abincinsa ke nan. Saboda haka ba maciji ne ya shigo wa mutane gari ba, gari ne ya tarar da shi a gidansa.

A wata damina mata suka ga kumurci a bayan buhunan masara a gidan wani ɗan'uwana. Kafin azahar gardawa biyu sun hallara, ko da yake ɗaya kaɗai aka aika wa. Na farko dattijo ne, da layu da kambu har gwiwar hannu, ga yaro yana bin sa da ganga. Na biyu saurayi ne a kan babur, da ƙugiyar ƙarfe da wayar ɗaukar hoto. Shi bai yarda a kira shi gardi ba, ya ce shi mai ceton macizai ne.

Zubin Wasan

Dattijo ya fara da turare da kirari, ya kori kowa daga bakin ƙofa, ya shiga ɗakin ajiya shi kaɗai ya turo ƙyaure. Bayan ɗan lokaci sai ga shi ya fito da kumurci rataye a wuya. Mata suka yi guɗa, maigida ya sa hannu a aljihu. Nan take saurayi ya ce, "Alhaji, dakata. A buɗe bakin macijin nan a gani. In akwai fiƙa a ciki in bar sana'a. Daga jakar Baba ya fito." Dattijo ya dube shi ya ce, "Yaro, tun ba a haifi ubanka ba nake wannan aiki. Faɗa wa Alhaji nawa majema suke biyanka kan kowace fata." Jama'a suka rabu biyu, kowane ɓangare da gwaninsa. Ba a buɗe bakin maciji ba, ba a kuma amsa maganar fata ba. Dattijo ya tafi da maciji da kuɗi da cinikin magani, saurayi ya tafi da hotuna.

Bayan kwana biyu mata suka sake ganin kumurci a bayan buhunan nan. Wani lebura ne ya ɗage buhunan ɗaya bayan ɗaya, macijin ya sulale ta magudanar ruwa, aka toshe ramin ɓeraye da siminti. Ba wanda ya yi wa leburan guɗa.

Jigo

Jigon wannan wasa ba sabo ba ne a adabinmu. Mu tuna da labarin Bayajida, wanda Palmer ya buga a littafinsa Sudanese Memoirs a 1928, kuma kowane yaron firamare ya ji shi. Macijin rijiyar Kusugu ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya zo da dare ya sare masa kai. Abin da muka fi mantawa a labarin shi ne abin da ya faru da gari ya waye. Da sarauniya ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin, sai maza suka yi ta fitowa, kowa yana cewa shi ne, har a wata ruwayar wasu suka zo da kawunan waɗansu macizai dabam, aka gwada da gangar jikin ba su dace ba. Ashe tun a labarin da muke jingina asalin Hausa Bakwai gare shi, kakanninmu sun riga sun gane cewa ranar da aka sanya lada a kan kan maciji, ranar za a sami masu kawo kan ƙarya.

Sai dai akwai bambanci ɗaya. A Daura an yi gwaji, an haɗa kai da gangar jiki kafin a biya lada. A Zawaciki kuwa an biya ba tare da gwaji ba. Wannan shi ne ainihin abin da nake suka, kuma laifin bai tsaya ga gardawan biyu kawai ba. Mu 'yan kallo muna biyan kuɗin abin da idonmu ya gani, ba mu biyan kuɗin kwanciyar hankalin gida. Wanda ya fito da maciji a wuya ya ci, wanda ya toshe rami ya tashi a tutar babu. Muddin haka ladan yake, dole kowane gardi ya zo da macijinsa don gudun kunya, dole kuma ya tona asirin abokin sana'arsa don ya gaje masa unguwa.

Warwarar Jigo: Kasuwanni Uku

In mai karatu yana son ya san niyyar mai kama maciji, kada ya saurari kirarinsa, ya tambaye shi inda macijin zai kwana. Kasuwa uku ce ke jiran sa.

Ta farko kasuwar kallo. Macijin wasa akan karye masa fiƙa, wani lokaci har a ɗinke masa baki. Bakin yakan rube, ya kasa cin abinci, ya mutu a cikin jaka, a nemo wani. Fiƙar kuma takan sake tsirowa, shi ya sa ake jin gardi ya mutu da saran macijin da ya daɗe yana wasa da shi. Saurayin nan mai waya shi ma a wannan kasuwa yake, dandali kawai ya sauya. Wanda ke son hoto ya yi kyau ba zai jefa maciji a buhu nan da nan ba, sai ya ja shi, ya tsokane shi har ya fasa kai.

Ta biyu kasuwar magani, ita ce kuwa mafi haɗari. Macizai da yawa ba su da dafi mai kisa, masu dafin ma sau da yawa sukan yi sara ba su zuba dafi ba. Duk wanda irin wannan sara ya sama zai warke ko ya sha magani ko bai sha ba, amma gardi ne zai karɓi yabo. Wanda kububuwa ta zuba wa dafi kuwa jininsa yakan daina daskarewa, ya yi ta zuba ta dasashi da bakin rauni, kuma kwanakin da ya ɓata yana shan jiƙo su ne kwanakin da allurar makarin dafi za ta cece shi a asibiti. Tun a shekarun 1970 likita David Warrell ya yi nazarin wannan ciwo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ya yi fice a fannin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, kuma a 2017 ta sanya shi cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Wanda ke shakka ya je asibitin Kaltungo a Jihar Gombe lokacin shuka ko girbi.

Ta uku kasuwar fata. Kano garin fata ne. Manyan kamfanonin jima na Calawa da Sharaɗa da Bompai fatun awaki da tumaki suka fi sarrafawa, amma duk wanda ya zaga wajen majeman cikin birni da rumfunan dukawa a Kasuwar Kurmi ya ga jaka da takalmi na fatar mesa da kada da guza. Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka shiga yarjejeniyar Washington ta 1973 kan cinikin namun daji masu ƙarewa, a 1985 kuma gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 11 wadda ta sa kada da mesa da damo da guza cikin dabbobin da aka hana farauta da fataucinsu. Saboda haka zargin da dattijo ya jefi saurayi da shi ba ƙaramin zargi ba ne. Mesar da aka ce an ceta daga sandunan 'yan unguwa, in ta ƙare a rataye a rumfa, sai mu ce an ceto ta ne daga mutuwar banza zuwa mutuwa mai riba.

Salo

Ta fuskar salo dole in yaba wa dattijon. Ya san Bahaushe yana tsoron maciji har ba ya son kiran sunansa da dare, sai ya ce igiyar ƙasa, ya kuma san wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A kan wannan tsoro ya gina wasansa. Turaren ya sa jama'a sun yi tsit, kirarin ya ɗaga darajarsa, rufe ƙofar ya sa zukata sun yi ta ɗar-ɗar. Gangar kuwa don mutane ake kaɗa ta, domin maciji ba shi da kunne a waje irin namu, motsin ƙasa da motsin hannu ya fi kula da su. Raunin wasan shi ne mafi muhimmancin fitowa a bayan ƙyaure aka yi ta.

Saurayin kuwa salonsa aro ne. Ya ɗauko kalmar ceto daga shirye-shiryen namun daji na talabijin, amma bai ɗauko aikin da ke tare da ita ba. Bai leƙa bayan buhu ba, bai tambayi mata inda suka ga abin ba. Da ya ga an riga shi fitowa da maciji, sai ya mai da ƙarfinsa ga tonon silili. Gaskiya ya faɗa ko ƙarya, ba don maigida ya faɗe ta ba.

Adalci ga Gardawa

Kada a ɗauka ina cewa duk gardi maƙaryaci ne. A cikinsu akwai masu ilmi na haƙiƙa, waɗanda suka san sawun kasa da na gamsheƙa, suka san ramin da ke da maciji da wanda babu, ilmin da yawancinmu masu digiri ba mu da shi. Abin takaici shi ne ba mu tanadar wa wannan ilmi kasuwa ta huɗu ba.

A ƙasar Indiya an tanada. Ƙabilar Irula da ke kudancin ƙasar sun gaji kama maciji don sayar da fata. Da gwamnati ta hana fitar da fatun a shekarun 1970, sai suka kafa ƙungiyar gama kai a 1978 kusa da birnin Madras, da taimakon masani Romulus Whitaker. Sukan kama maciji, su tatsi dafinsa na 'yan makonni, su sake shi a daji, su sayar da dafin ga masu haɗa allurar makari. Da haka rayayyen maciji ya fi matacce daraja a wurinsu. Mu kuwa makarin EchiTAb da aka yi domin macizanmu, da dafin macizan Nijeriya aka haɗa shi, amma a Birtaniya da Kosta Rika aka sarrafa shi. Ga gardawa a gida, ga jami'o'i, ga gidan zu da Gwamna Audu Baƙo ya bar wa Kano, amma ba a haɗa su wuri ɗaya ba.

Kammalawa

A taƙaice, wasan Zawaciki ya yi armashi ta fuskar salo, amma ya faɗi ta fuskar manufa, domin an tashi maciji yana nan inda yake, gaba kuma ta ƙaru tsakanin masu sana'a ɗaya. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce mu ɗauki wasan gardawa da muhimmanci, mu je mu tattara kirarinsu da sunayen da suke ba macizai kafin dattawansu su ƙare. Shawarata ga masu gida kuwa ita ce su yi koyi da sarauniyar Daura, kada su biya sai sun gwada. A bar ƙofa a buɗe, a dubi bakin maciji, a tambayi inda za a kai shi, a toshe ramin ɓera. Wanda aka sara kuma a kai shi asibiti a ranar, ko da yana da laya a damtse. Allah ya kiyashe mu da sharrin abin ƙasa, ya kiyaye shi da namu.