Kyau da Kwarjini a Zanen Gida na Ƙasar Haɗejiya

A shekarar 1757 wani masani, Edmund Burke, ya raba abin da ke kama zuciyar mai kallo gida biyu, watau abin da ke daɗaɗa rai da abin da ke razana shi. Masu nazarin zanen gida sukan ari wannan ma'auni, alhali kuwa Hausa tana da nata kalmomi biyu, watau kyau da kwarjini, waɗanda suka fi dacewa da aikin magina.

Kyau ya haɗa sura da nagarta, gama da kalma ɗaya a kan yabi fuska, da hali, da aiki. Saboda haka magini ba ya kiran bango kyakkyawa don dagin da aka zana a kansa kaɗai, sai yaɓe ya kama, makuba ta hana ruwa shiga. Kwarjini kuwa asalinsa sifar mutum ce, kamar sarki ko malami. In an ce zaure ya yi kwarjini, to, aro ya yi daga mai gidan: tsawon zankwaye da nauyin zanen ƙofa su ne ke sa baƙo ya rage murya tun bai yi sallama ba. A nan aka rabu da Burke, domin shi razanarsa daga duhu da haɗari take fitowa, amma kwarjini girmamawa yake haifarwa.

Ƙasar Haɗejiya ta ƙara wa wannan magana nauyi. Garuruwanta da yawa a fadamar kogi suke, inda damina ke cin bango, ambaliya kuma, irin ta 2020 da 2022, ta kan rushe shi ɗungum. Wanda ya zana bangon ƙasa a nan ya san aikinsa ba mai dawwama ba ne, sa'an nan ya sake shi da rani. Ashe kyan yana cikin sabuntawa, gidan da aka daina yi wa yaɓe kuwa kwarjininsa ya kan zube tun bangon bai faɗi ba.

Yanzu siminti da fenti suna maye gurbin makuba. Ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su aika ɗalibai wurin tsofaffin magina, su rubuto kalmomin da suke yabon aiki da kushe shi. Hoto yana adana zane, amma ma'aunin da aka auna zanen da shi a bakin magina yake, in sun ƙare ya tafi tare da su.