Faifan Biki: Araha Ba Ta Ado

'Yar uwa, akwai wani sakaci da ya zama ruwan dare a tsakaninmu matan Sakkwato, kuma ba kasafai ake maganarsa ba. Za a kashe dukiya wajen lefe da anko da gara, amma idan aka zo kan bidiyon bikin, sai a kai wa yaron da ke da kwamfuta ya yi bonin a kan faifai mafi araha. Daga Mabera har Runjin Sambo, gida nawa ne babu irin wannan faifan a cikin durowa?

Matsala ta farko takan fito ne idan an aika wa 'yan uwa na ƙasar waje. Faifai ya yi lafiya lau a gida, ya je Amurka ya ƙi. Nan take sai a ce ai an kulle shi ne. To, kullewar gaskiya ce, amma ba a nan take ba. Masu kamfanonin fim sun raba duniya shiyya-shiyya a kan DVD: Amurka lamba 1, Turai da Saudiyya lamba 2, Najeriya da Indiya lamba 5. Sai dai wannan makullin na faifan kamfani ne. Wanda aka yi boninsa a gida ba ya ɗauke da shi, VCD kuwa dama can ba shi da shi.

Ainihin dalilin shi ne tsarin hoto. Talabijin ɗinmu PAL ce, hoto 25 a daƙiƙa guda. Ta Amurka NTSC ce, kusan hoto 30. Na'urorinmu 'yan China yawanci ba su da zaɓe, komai aka ba su ci suke, amma da yawa daga na can ba sa karɓar PAL. Da an gaya wa mai bonin inda faifan za shi, da ya juya shi. Wani lokacin ma bai rufe faifan ba ne bayan ya gama, shi ya sa ko na'urar maƙwabta ba za ta karanta ba.

Matsala ta biyu ta fi ciwo. Faifan kamfani da inji ake danna shi, na gida kuwa wani siririn rini ne a ciki wanda haske ke yi wa zane. Rana da zafi suna cin rinin nan. Ke kin san zafin Afrilu a garin nan, yana wuce digiri 40. Ga ƙura, ga yara masu ɗauka su yi madubi da shi.

Yanzu kallo ya koma waya, an ture na'urar DVD gefe, an manta da faifan. Alhali a cikinsa akwai muryar Inna tana yi wa amarya nasiha, akwai fuskar kakar da ta riga mu gidan gaskiya. Atamfa idan ta koɗe a sayi wata. Wannan fa?

Don haka tun faifan yana da sauran numfashi, ki sa a juye miki shi a filash ko memori, a kai wa Yaya kwafi ɗaya ta ajiye. Ki tsaya a yi a gabanki, kuma a goge daga kwamfutar shagon, don hoton matan aure ba abin yawo ba ne.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace.