Bashin Fim na Farko: Doctor Sleep da Wahalar Mai da Ci-gaban Littafin Ban Tsoro Fim

Marubucin da ya zauna rubuta ci-gaban littafinsa ubangida ɗaya gare shi, wato abin da shi kansa ya rubuta a baya. Daraktan da ya ɗauki wannan ci-gaban zai mai da shi fim kuwa iyayen gida biyu gare shi, kuma sau da yawa ba sa ga-maciji da juna. Ga littafin da ke hannunsa, ga kuma fim ɗin da aka riga aka yi da littafin farko, wanda shi yawancin mutane suka sani. Da a ce fim na farkon ya bi littafi sau da ƙafa, da abin ya zo da sauƙi. To amma da yawa daga cikin finafinan ban tsoro da suka yi suna, sun yi shi ne a daidai wuraren da suka kauce wa littafin. Abin da ya hana ɗan kallo barci shekaru aru-aru, sai ka duba littafin ka tarar babu shi ko kaɗan.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a labarin Danny Torrance. A 1977 Stephen King ya wallafa The Shining: wani malami mashayi, Jack Torrance, ya karɓi aikin gadin otal ɗin Overlook da ke kan duwatsun Kolorado a lokacin hunturu, ya tafi da matarsa Wendy da ɗansu Danny, yaro ɗan shekara biyar mai baiwar ganin abin da ke ɓoye. A 1980 Stanley Kubrick ya mai da shi fim, ya kuma sauya abubuwa uku da suka zama ƙaya ga duk wanda zai zo bayansa. A littafi, Dick Hallorann, kukun otal ɗin da ya gane baiwar yaron, ya tsira da ransa; a fim, Jack ya sare shi da gatari yana shigowa. A littafi, tukunyar ɗumama otal ta fashe, ginin ya ƙone ƙurmus da Jack a ciki. A fim, Jack ya daskare a cikin ƙanƙara, otal ɗin kuma yana nan tsaye. Na uku shi ne wanda ya fi yi wa King ciwo. Jack na littafi mutum ne mai son ɗansa wanda giya da otal suka ci ƙarfinsa, har a ƙarshe ya farfaɗo na ɗan lokaci ya ce wa yaron ya gudu. Jack ɗin da Jack Nicholson ya fito a matsayinsa kuwa, tun fitowar farko kana ganin hauka a idonsa. King bai taɓa ɓoye ƙin fim ɗin ba, har a 1997 ya rubuta wani da kansa don talabijin, Mick Garris ya ba da umarni.

Da King ya dawo kan labarin a 2013 da Doctor Sleep, shekara 36 bayan na farko, sai ya ci gaba daga nasa littafin, ya ma faɗi haka a jawabinsa na ƙarshen littafin. Hallorann yana da rai a farkon labari. Otal ya zama toka, an mai da filinsa sansanin matafiya. Ga wanda ya karanta, babu wata matsala. Ga miliyoyin da suka san tagwayen 'yan matan nan da ke tsaye a lungu, da jinin da ke ambaliya daga lif, da ɗaki mai lamba 237, wannan wani labari ne daban. (A littafi lambar ɗakin 217 ce.)

Kafin Mike Flanagan, daraktan fim ɗin Doctor Sleep, ya shiga wannan tsaka mai wuya, wasu sun shige ta, kuma kowa da hanyar da ya bi. A 1982 Robert Bloch ya rubuta Psycho II, ci-gaban littafinsa Psycho, wanda a cikinsa ya caccaki masu shirya finafinan zubar da jini na Hollywood. Kamfanin Universal ya ajiye littafin gefe ɗaya, ya sa Tom Holland ya rubuta wani labari, Richard Franklin ya ɗauka a 1983. Suna kawai suka haɗa. A Japan an yi akasin haka. A watan Janairun 1998 aka saki Ring na Hideo Nakata da ci-gabansa Rasen na Joji Iida a rana ɗaya, dukkansu daga littattafan Koji Suzuki. Nakata ya mai da labarin na fatalwa zalla, ya ƙirƙiri fitowar fatalwar, Sadako, daga cikin akwatin talabijin, abin da babu shi a littafi. Iida ya bi Suzuki, ya kai mutane ɗakin binciken gawa yana yi musu bayanin ƙwayar cuta. Mutane suka rungumi na farko suka juya wa na biyu baya, har a 1999 aka yi Ring 2, aka yi kamar Rasen bai taɓa wanzuwa ba. Amanar da Iida ya riƙe wa marubuci ita ta kayar da shi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne William Peter Blatty. Shi ya rubuta The Exorcist, shi ya rubuta ci-gabansa Legion a 1983, kuma shi da kansa ya ba da umarnin fim ɗin a 1990. Legion labarin wani tsohon ɗan sanda ne, Kinderman, da ke bin sawun kisan kai yana kokawa da tambayar dalilin wanzuwar mugunta, kuma babu cire iska a cikinsa. Masu kuɗin fim, Morgan Creek, suka ce sunan The Exorcist III zai ɗauka, don haka dole a ga cire iska. Aka sake ɗaukar ƙarshen, aka shigo da wani limamin coci da babu shi a labarin. Duk wanda ya kalla zai ga ɗinkin a fili. Amma fitowar da ake tunawa da fim ɗin har yau ta Blatty ce tsantsa: kyamara tana tsaye daga nesa a lungun asibiti da dare, ma'aikaciyar jinya tana kai da kawo, masu gadi suna shiga suna fita, babu kiɗa, har sai ranka ya kwanta, sannan abin ya faru a cikin ƙiftawar ido.

Flanagan ya ƙi zaɓen ɗaya daga iyayen gidan nan biyu. Fim ɗinsa na 2019 ya ɗauki labarin King ya zaunar da shi a duniyar Kubrick. Wasu gyare-gyaren sun zo masa da sauƙi. Hallorann ya mutu a fim ɗin 1980? To sai ya zo wa yaron a matsayin fatalwa, ya zauna kusa da shi a kan benci ya koya masa kulle miyagun fatalwowi a cikin akwatunan da ke ransa. Labarin na matattu masu magana ne dama, babu abin da ya ɓace.

Kashi biyu cikin uku na fim ɗin na King ne, kuma a nan na fi ganin gwanintar Flanagan. Danny, wanda yanzu ake kira Dan, kuma Ewan McGregor ya fito a matsayinsa, ya girma ya gaji kwalbar ubansa. Ya sauka a wani ƙaramin gari a New Hampshire, ya shiga ƙungiyar mashaya masu neman tuba, ya sami aiki a gidan jinyar masu jiran ajali. Akwai wata kyanwa a gidan, Azzie, wadda idan ta hau gadon mara lafiya ta kwanta, an san lokacinsa ya yi. Sai Dan ya bi ta, ya ja kujera, ya riƙe hannun tsohon da tsoro ya kama, ya yi masa magana a cikin zuciyarsa ba tare da buɗe baki ba, ya tuna masa abubuwan da ya so a duniya, ya ce masa barci ne kawai. Flanagan bai yi gaggawa a nan ba. Ya bar fitila ta yi dishi-dishi, ya bar numfashin ƙarshe ya fita a hankali. Mai shirya fim ɗin ban tsoro da ke neman ihun 'yan kallo zai yanke wannan da almakashi tun a rubutu, alhali ita ce zuciyar littafin: baiwar da ta zame wa yaro azaba ta zama rahama a hannun babba.

Haka ma ayarin mayun nan, True Knot, masu yawo a manyan motocin kwana suna farautar yara masu baiwa don su zuƙi tururin da ke fita daga jikinsu idan an azabtar da su. Rebecca Ferguson ta sa shugabarsu Rose ta fi ta littafi kwarjini. Kisan yaron nan ɗan wasan ƙwallo da Jacob Tremblay ya fito a matsayinsa ya fi na shafi tayar da hankali, domin a littafi kana iya tsallake layi, a silima kuwa kukan yaron yana cika kunnenka. Flanagan ya kuma gyara wani rauni na King. A littafi mayun sun kamu da ƙyanda daga jikin wannan yaron, suna ta mutuwa tun kafin a kai ga arangama, kuma kusan duk mutanen kirki sun tsira. Fim ya cire ƙyandar, ya bar Billy, aminin Dan, da mahaifin Abra, yarinya mai baiwa da mayun ke farauta, suka rasa rayukansu. Sai tsoron ya sami nauyi.

Daga nan motar Dan ta hau dutse, kiɗan buɗe fim ɗin Kubrick ya tashi, aka koma Overlook. An sake gina ɗakunan daidai da na 1980. A nan fim ɗin ya rabu biyu a idona. Wasu fitowar biyan bashi ne kawai: ga tagwaye, ga jini daga lif, ga hawa matakala da gatari a hannu, ga ramin da aka sara a ƙofa. Abin da ya firgita mu a 1980 ya yi haka ne don ba mu san shi ba. Yanzu mun san shi, muna jiran zuwansa, muna gyaɗa kai idan ya bayyana, kuma wanda yake gyaɗa kai don ya gane abu ba ya jin tsoro.

Amma a tsakiyar wannan akwai fitowa ɗaya da ta fi duk abin da ke littafin. Dan ya shiga mashayar otal, ya zauna a inda ubansa ya taɓa zama. Mai zuba giya ya juyo, fuskar Jack ce, amma ya ce shi Lloyd ne, bai san wani Jack ba. Flanagan bai sa kwamfuta ta dawo da ƙuruciyar Nicholson ba; ya sa Henry Thomas, ya riƙa nuna shi ta gefe. An zuba wa Dan giya a kofi an tura gabansa. Yana juya shi a hannu yana ba uban labarin yadda shi da uwarsa suka koma Florida don kada su sake ganin ƙanƙara, da yadda ta mutu. Uban yana ta musun cewa shi ne, yana cewa ya sha maganinsa. Dan bai sha ba. Flanagan ya ce wannan fitowar ce ta sa King ya yarda a koma otal ɗin, kuma dalilin a bayyane yake. Ɗakin na Kubrick ne, muguntar uban ma ta Kubrick ce, amma ciwon na King ne. Littafin ba zai iya ba da wannan ba, tunda ya riga ya ƙone mashayar.

Inda na saɓa da Flanagan shi ne ƙarshe. Ya ɗauko ƙarshen littafin 1977 da Kubrick ya watsar, ya ɗora wa Dan: otal ya shiga jikinsa, ya farfaɗo ya ce wa Abra ta gudu, ya sauka wajen tukunya, wuta ta tashi ya mutu a ciki. Dabara ce mai kyau, ta mayar wa King abin da aka karɓe masa shekara 39 kafin nan. Sai dai kuɗin da aka biya ya yi yawa. A littafin Doctor Sleep Dan bai mutu ba. Ya gano cewa Abra 'yar 'yar'uwarsa ce, jinin Jack, mai irin zafin zuciyar gidansu, kuma aikinsa shi ne ya rayu ya koya mata riƙe ta. Akwai kuma zunubin da ya ɗauka shekara da shekaru: safiyar da ya sace kuɗin wata mata mashayiya, Deenie, ya bar ƙaramin ɗanta a cikin wannan hali ya fice. King ya ajiye furta wannan a gaban abokan tubarsa har kusan shafin ƙarshe, kuma da ya faɗa, babu wanda ya razana, domin kowa a ɗakin yana da irin nasa. Fim ya nuna satar, ya nuna gawarwakin uwa da ɗa suna ziyartarsa, sannan ya bar maganar. Littafi yana cewa ɗan mashayi zai iya kauce wa makomar ubansa. Fim ya kashe shi a ginin da ya kashe uban, ya kira hakan fansa.

Kasuwa ba ta saka wa Flanagan ba. Fim ɗin mai minti 152 ya tara kimanin dala miliyan 72 a duniya, abin da kamfanin Warner Bros. bai zata ba bayan nasarar fim ɗin It, wanda shi ma daga littafin King yake, a 2017. Daga baya an fitar da na minti 180, wanda aka kasa babi-babi kamar littafi. Ya ƙara wa ƙuruciyar Dan da ta Abra fili, ya tsawaita zaman Dan da ubansa a otal, kuma shi nake ba da shawarar a nema. Amma ko a cikinsa Dan yana sauka wajen tukunyar, furucin laifinsa a gaban jama'a kuma babu shi.